Masu jan labule da alkawarin ƴan siyasa

A gidan tiyata ɗan wasa ake gani, shi ake yi wa tafi. Amma kafin ya hau dandali akwai wanda ya kafa katako, wanda ya ja wayar lantarki, wanda ya daidaita fitilu da na'urar murya, da wanda zai kwashe kome bayan ƴan kallo sun watse. A ƙasar Faransa waɗannan ma'aikata na bayan labule sun daɗe suna kai ruwa rana da gwamnatoci, kuma labarinsu ya cancanci duk ɗan sandika ya saurare shi.

Aikinsu ba mai ɗorewa ba ne: yau kwangilar mako guda, gobe zaman jira. Shi ya sa aka yi musu tsari na musamman a cikin asusun tallafa wa marasa aiki. Wanda ya tara awa 507 na aiki a cikin wata 12 yakan samu kuɗin tallafi a ranakun da ba shi da kwangila. Ran 26 ga watan Yuni na 2003, ƙungiyar masu masana'antu MEDEF da sandika uku, har da CFDT, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta rage wa'adin zuwa wata 10 ga ma'aikatan bayan labule. Adadin awa yana nan yadda yake, lokacin tara su ne aka gajarta. Ke nan wanda ya yi wata biyu babu kira zai iya faɗuwa daga tsarin. CGT ta ƙi sa hannu, aka shiga yajin aiki. A watan Yuli aka soke babban bikin tiyata na garin Abinyon, wanda Jean Vilar ya kafa a 1947, abin da bai taɓa faruwa ba. Masu otel da masu gidan abinci da ƴan kasuwar garin suka rasa cinikin da suke jira shekara guda.

Daga nan ƴan siyasa suka yo ca. Depite na ɓangaren hagu da na dama suka zauna da sandika a kwamiti guda, suka rubuta shirin doka. Da ranar ƙuri'a ta zo, a watan Oktoba na 2006, sai shugaban depite na jam'iyyar UMP mai mulki, Bernard Accoyer, ya nemi a ƙirga waɗanda ke zaune a zauren majalisa. Ba su cika adadin da ake bukata ba. Shirin ya mutu a nan, ba tare da kowa ya fito fili ya ce ya ƙi ba.

A 2014 aka sake ganin irinta. François Rebsamen, magajin garin Dijon, ɗan jam'iyyar gurguzu, ya sa hannu a takardar goyon bayan bukatun kwamitin a watan Maris. A watan Afrilu ya zama ministan ƙwadago. A watan Yuni kuwa shi da kansa ya amince da sabuwar yarjejeniyar da ma'aikatan ke yaƙa. Alkawari kaya ne, amma ga wanda bai hau kujera ba ba shi da nauyi, tunda ba shi zai ɗauka ba.

Ma'aikata suka koma yajin aiki, bukukuwan bazara suka sake shiga haɗari. Sai firaminista Manuel Valls ya kira zaman sulhu. A watan Agusta na 2015 aka rubuta tsarin nasu a cikin kundin dokar ƙwadago, a wata doka mai ɗauke da sunan Rebsamen ɗin nan, aka kuma ba sandika da masu ɗaukar aiki na wannan sana'a ikon tattauna ƙa'idojinsu da kansu. A watan Afrilu na 2016, ma'aikata na mamaye da gidan tiyata na Odéon a birnin Paris, aka cimma yarjejeniyar da ta maido da wata 12. Shekara 13 aka kwashe kafin a dawo inda aka taso.

Sandikar da ɗan siyasa ya yi wa romon baka, ta karɓa ta yi godiya, amma ta tambaye shi a wane sashe na doka za a rubuta, kuma wace rana za a kaɗa ƙuri'a. Masu jan labule na Faransa sun samu amsa ne kawai a lokacin da aka tabbata cewa in suka ajiye aiki, dandali zai kwana cikin duhu.