Wa ke da alhakin asibitin ƙauye a Najeriya?

A shekarar 1978 ne ƙasashen duniya suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar al'umma.

Najeriya ta rungumi wannan aƙida gadan-gadan a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A lokacinsa ne aka ɗora nauyin ƙananan asibitoci a wuyan ƙananan hukumomi, bisa hujjar cewa su ne suka fi kusa da talaka.

Hujjar tana da kyau, amma a nan gizo ke saƙar. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, don haka kason ƙaramar hukuma sai ya bi ta hannun gwamna kafin ya iso gare ta. Matakin gwamnati mafi rauni shi aka bar wa aikin da ya fi shafar jama'a: riga-kafi, awon ciki, karɓar haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne, musamman a karkarar arewa. Gini yana nan, wani lokaci har da sabon fenti, amma babu ungozoma da daddare, babu magani a kanta. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi sai ta nufi kemis, ko kuma ta yi doguwar tafiya zuwa babban asibitin da ya riga ya cika maƙil.

An yi yunƙurin gyara. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince kowace jiha ta tattara harkar ƙarƙashin hukuma guda. A 2014 kuma shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar lafiya, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya domin wani asusu na musamman. Sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, wato bayan shekaru huɗu.

Alfanun asusun shi ne wani kaso nasa yana shiga asusun asibitin kai tsaye. Sai dai galibin albashin ma'aikata ba daga cikinsa yake fitowa ba, kuma ma'aikaci ne ke buɗe ƙofar asibiti.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wannan ya sake ta da tsohuwar tambaya. Gyaran 2011 ya karkata ragamar asibitocin zuwa hukumomin jiha, hukuncin kotun kuma ya karkata kuɗin zuwa ƙananan hukumomi. Muddin ba a fayyace wanda zai ɗauki ungozoma aiki ya kuma biya ta albashi ba, kowane ɓangare na da damar nuna ɗan'uwansa da yatsa.