Wanda Ya Je Bodrum Ya Dawo da Hoto Kawai, Ya Ci Bashin Alƙalami



A 'yan shekarun nan Turkiyya ta zama wurin zuwan mutanenmu. Wasu fatauci ke kai su Istanbul, wasu karatu, wasu neman magani, wasu kuma hutu ne kawai a bakin teku. Amma in ka duba abin da suke dawo mana da shi, hotuna ne: ga mutum a cikin jirgin ruwa, ga farantin kifi, ga rana tana faɗuwa, a ƙasa an rubuta "Alhamdulillah". Ba laifi ba ne. Sai dai wanda ke kiran kansa marubuci, ko yake fatan zama, ana binsa bashin abin da ya fi haka. Ra'ayina shi ne garin shaƙatawa ya fi kowane irin gari gwada idon marubuci, domin gari ne da aka shirya shi don baƙo ya ga fuska ɗaya tak.

Mu ɗauki Bodrum, wani gari da ke lardin Mugla a kudu maso yammacin Turkiyya, a gaɓar tekun Aegean. Fararen gidaje ne a jikin tsaunuka suna kallon ruwa, tashar jirage cike da manyan jiragen katako da ake kira gulet. Da bazara garin kan cika ya batse, ƙananan motocin haya da ake kira dolmush suna ta jigila, titin mashaya ba ya barci sai asuba. Marubucinmu in ya shiga irin wannan wuri, rami biyu ke jiransa. Na farko talla: ya dawo yana cewa wurin "aljannar duniya" ne, ruwa garai-garai, mutane masu kirki. Na biyu wa'azi: ya ga giya da shigar da ba ta yi masa ba, sai ya cika shafi uku da Allah wadai. Duk biyun ana iya rubuta su ba tare da an bar Fagge ko Tudun Wada ba. Mai karatu bai ƙaru da komai ba.

Abin da ya kamata shi ne tambaya: kafin otal-otal, mene ne a nan? Tsohon sunan Bodrum shi ne Halikarnassos. A nan aka haifi Herodotus wajen shekara ta 484 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutumin da Turawa ke kira uban tarihi. Matafiyi ne da ya je Masar yana tambaya yana rubutawa. A cikin littafinsa har ya kawo labarin wasu samari biyar daga Libiya da suka keta hamada suka isa wani babban kogi mai kadoji wanda ke gudana daga yamma zuwa gabas, kuma wasu masana na ganin kogin Neja ake nufi. Ka ga ke nan Bahaushen da ke tsaye a garin yana da zaren da zai ja ya ɗaure wurin da gida, ba tare da ya ƙirƙiro komai ba.

A garin ne kuma aka gina kabarin sarki Mausolus wajen shekara ta 350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ta rushe shi. Mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos, waɗanda suka fara gina ganuwar da ke bakin tashar jirage a farkon ƙarni na 15, suka kwashi duwatsunsa suka ƙarfafa bangonsu. Bayan Sarkin Usmaniyya Sulaiman ya ci Rodos a 1522, ganuwar ta koma hannun Musulmi, aka mai da cocin cikinta masallaci. Daga baya ta zama kurkuku, yau kuma gidan tarihi ne na kayan da aka tsamo daga jiragen da suka nutse. Manyan gumakan kabarin kuwa suna gidan tarihi na Landan tun ƙarni na 19. Dutse ɗaya ya yi wa sarki, ya yi wa soja, ya yi wa fursuna, yanzu yana yi wa mai ɗaukar hoto aiki. Wannan kaɗai ya isa gajeren labari.

Abin da ya fi shafar mu shi ne yadda garin ya yi suna. A 1925 kotu ta yanke wa wani marubuci mai suna Cevat Shakir hukuncin zaman gudun hijira na shekara 3 a Bodrum, saboda wani rubutu da ya yi kan sojojin da suka gudu daga aiki ake rataye su. A lokacin Bodrum ƙaramin gari ne na masunta da masu nutso suna ciro soson teku, wurin da ake jefa wanda ake so a manta da shi. Mutumin ya ƙaunaci garin, ya zauna sama da shekara 20, ya shuka itatuwa, ya riƙa sa hannu a rubutunsa da laƙabin "Masuncin Halikarnassos". Bai rubuta talla ba. Masunta ya rubuta, da wahalarsu da yadda teku ke ci da su. Rubutun nan da tafiye-tafiyen jirgi da ya riƙa yi da abokansa marubuta su ne suka ja hankalin mutanen Istanbul zuwa wannan gaɓa. Wato alƙalami na cikin abin da ya mai da kurkuku wurin hutu.

Akwai kuma fuskar da takardun talla ba sa nunawa. Daga gaɓar Bodrum ana hango tsibirin Kos na ƙasar Girka da ido. Ranar 2 ga Satumba 2015 aka tsinci gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya kwance a bakin ruwa kusa da garin, bayan kwalekwalen da iyayensa suka hau don tsallakawa Kos ya kife. Hotonsa ya zagaya duniya. Ruwan da mai kuɗi ke biya ya yi iyo a ciki, shi ne wani ya biya ya mutu a ciki. Mu da muka san labarin 'yan uwanmu masu bi ta Agadas zuwa Libiya, bai kamata mu tsaya a wannan gaɓa mu ga shuɗin ruwa kawai ba.

Wani zai ce, "Malam, hutu na je, ba bincike ba." Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka hana kanka sakewa. Amma lura ba ta hana hutu. Ka tambayi yaron da ke kawo maka shayi daga wane gari ya zo, da abin da yake yi idan sanyi ya shigo baƙi suka watse. Ka je masallaci da asuba ka ga su wa ke sahu yayin da masu rawa ke komawa masauki. Ka rubuta farashin abin da ka ci a bakin teku da farashinsa a lungu na uku. Minti goma a littafin aljihu kowane dare ya wadatar.

Muna da magabata a wannan fanni. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. A zamaninsu tafiya sai wane da wane. Yau jirage na tashi daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, amma littattafan tafiya a Hausa ba su ƙaru daidai da matafiya ba. In muka ci gaba a haka, jikokinmu za su san duniya ta idon wasu kawai.

Aikin wannan mako: wanda ya taɓa zuwa Bodrum, Alanya ko Marmaris ya rubuto mana sakin layi biyu kan mutum ɗaya da ya gani yana aiki yayin da wasu ke hutawa. Wanda bai taɓa fita ba ya yi haka da wurin shaƙatawa mafi kusa da shi. An haramta kalmar "kyau" a cikin rubutun.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.