Katse Maganin Tarin Fuka Cin Amanar Iyali Ne

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai cutar da hannayenmu ke ƙara wa ƙarfi ba mu ankara ba. Tarin fuka yana warkewa da izinin Allah idan aka sha magani wata 6 babu fashi. Amma idan majinyaci ya ji sauƙi ya ajiye maganin, ƙwayoyin cutar da suka rage sukan taurare, har manyan magungunan nan biyu, isoniyazid da rifamfisin, su daina cin su. Wannan shi ne tarin fuka mai bijire wa magani, kuma a haka yake iya kama wanda ya shaƙi tarin mai shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ke kamuwa da irinsa kowace shekara, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a Indiya. A Rasha da maƙwabtanta ya yi katutu bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, lokacin da magunguna suka riƙa yankewa, gidajen yari kuma suka cika maƙil. A garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, inda ya haɗu da cutar ƙanjamau, an ba da rahoto a 2006 cewa majinyata 52 cikin 53 sun rasu. Najeriya ma tana cikin ƙasashe 30 da matsalar ta fi tsanani.

Ƙasashen sun bambanta, sababin kuwa ɗaya ne: katse magani, cunkoso, raunin garkuwar jiki, da sayen ƙwayoyi barkatai. Wanne ne babu a unguwanninmu, daga ɗakin da almajirai ke kwana birjik zuwa kemis ɗin bakin layi?

Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, cutar da wani kuwa haramun ce. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, babu wanda ya fi mu sanin tawakkali irinsa. Don haka muna ganin kammala magani wajibi ne a kan wanda ya fara shi. Ko a Ramadan, mara lafiya yana da rangwamen ajiye azumi. Ya tuntuɓi likita, kada ya yanke da kansa.

Wanda tarinsa ya kai mako 2 ya je gwajin majina. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnatin Najeriya. Mu kuma daina ƙyamar majinyata, domin ƙyama ke sa su ɓoyewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare zuriyarmu. Amin.