A Sa Wa Kiran Neman Agaji Jiniya

Sanin kowa ne cewa a duk lokacin da motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ta kunna jiniya a kan titin Ahmadu Bello da ke Jos, mai tirela da mai keke duk ratsewa suke yi su ba ta hanya, domin an yarda cewa wanda ya fito ceton rai ya fi kowa uzuri. To, amma a kan hanyar da muryoyin jama'a suka koma bi a wannan zamani, wato intanet, kiran mutumin da gidansa ke cin wuta da hirar mutumin da ke tambayar farashin tumatir kan bi layi guda, ba wanda aka ce ya dakata wa wani. Wannan giɓi ne da ya wajaba hukuma ta cike shi tun kafin wata ranar baƙin ciki ta sake zuwa.

Mutanen Jos ba sa bukatar a yi musu bayanin irin waɗannan ranaku. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus. A watan Yuli na 2012 ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare cikin dare, ta ci rayuka da gidaje. Ran Talata 20 ga watan Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a Taminus ɗaya bayan ɗaya, suka hallaka mutane aƙalla 118. Ran Jumma'a 12 ga watan Yuli, 2024, benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji yara suna cikin aji, aka rasa rayuka 22, aka yi ta tonon waɗanda ƙasa ta danne. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, tsakanin rai da ajali 'yan mintoci ne, kuma abin da ke kawo likita da motar ruwa da injin tono a kan lokaci shi ne kiran waya da ya shiga.

Irin wannan rana kuwa ba ta tsayawa a Jos. Da zarar labari ya iso Agege da Mile 12 a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Fatakwal da Anacha, sai dillalin dankali da mai shayi da maigadi kowa ya ɗauki waya yana neman nasa. Wannan ba laifi ba ne, zumunci ne. Sai dai duk waɗannan kiraye-kiraye a kan turakun sadarwa 'yan kaɗan suke sauka, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, kuma kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan ya cika, wanda ke tsaye a bakin ɓaraguzai yana neman asibiti sai ya shiga sahu ɗaya da masu jaje.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A watan Nuwamba na 1935 gobara ta kashe mata biyar a wani gida a birnin Landan. Wani maƙwabci ya yi ƙoƙarin kiran 'yan kwana-kwana, amma aka bar shi yana jira a layi a gidan waya. Ƙorafin da ya biyo baya shi ya sa a 1937 aka buɗe lambar 999, wadda idan an buga ta sai jar fitila ta kama a gaban masu haɗa waya, a bar komai a amsa ta. Amurka ta bi sahu da lambar 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka amince da 112 a 1991. Lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, ta zo da wannan gado, domin a tsarinta an keɓe kiran 112 da wata alama ta musamman da ke bambanta shi da sauran kira.

Abin da ya sauya shi ne hanyar. A zamanin wayar tarho ta NITEL, kowane kira yana samun layinsa shi kaɗai har a ajiye kan waya. A intanet kuwa, ana daddatsa murya ne ƙananan ƙulli-ƙulli, a tura su tare da ƙullin hotuna da na fina-finai da na waƙoƙi, su sake haɗuwa a wayar wanda aka kira. Idan hanya ta cushe, na'urorin da ke rarraba su sukan jinkirta wasu, su zubar da wasu, sai murya ta riƙa yankewa ko kiran ya faɗi. Na'ura ba ta san wane ƙulli ne na kuka ba, sai an buga masa hatimin fifiko, an kuma umurce ta da ta mutunta hatimin. Ga shi kuwa a tsarin 4G da 5G, muryar da kamfanin waya yake ɗauka da kansa ma irin wannan hanya take bi.

Akwai kuma wani abu da yawancin jama'a ba su sani ba. Manhajar WhatsApp, wadda da ita aka fi gaisawa tsakanin Kurmi da gida, ba a buga 112 da ita, kuma masu ita sun faɗi haka ƙarara a cikin sharuɗɗansu. Bugu da ƙari, maganar da ke cikinta a kulle take, don haka kamfanin da ke ɗauke da ita ba ya iya bambance kiran gobara da kiran ɗaurin aure, balle ya gabatar da ɗaya. Amurka ta ɗanɗana wannan a 2005, lokacin da wasu iyalai a jihohin Teksas da Fulorida suka buga 911 da wayar intanet ta gida, kiran bai kai ga masu agaji ba. A shekarar nan hukumar sadarwar ƙasar ta ba kamfanonin irin wannan waya kwana 120 su haɗa masu hulɗa da su da 911, tare da nuna inda mai kira yake.

A Nijeriya, sashe na 107 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ɗora wa hukumar NCC nauyin samar da lambar agaji guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Hukumar ta tsayar da 112, kyauta, ta kuma gina cibiyoyin amsa kira a jihohi da dama, har da Jihar Filato. Wannan abin yabo ne. Amma an rubuta dokar ne kafin kiran bidiyo a wayar hannu ya yaɗu, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka ya kamata hukumar NCC ta shimfiɗa ƙa'ida bayyananniya, cewa duk kamfanin da ke ɗaukar murya ta intanet a ƙasar nan wajibi ne kiran 112 ya wuce gaban kowane kira a hanyarsa, ko da za a rage ƙarfin bidiyon wasu na ɗan lokaci, kuma ya isa cibiya tare da bayanin inda mai kira yake. Haka kuma a buɗe rajistar layukan fifiko ga asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwararru na Filato, da 'yan kwana-kwana, da hukumar NEMA da takwararta ta jiha, da ƙungiyar Red Cross. A riƙa gwada tsarin a lokacin zaman lafiya, a bayyana wa jama'a sakamakon, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a lura, ba da fifiko dabam, toshe layi dabam. Ran 7 ga watan Yuli, 2005, da bama-bamai suka tashi a Landan, an rufe wa jama'a layin wani kamfani a kewayen tashar Aldgate na wasu sa'o'i, sai ga shi ma'aikatan agajin da ba a riga aka yi wa wayoyinsu rajista ba su ma sun shiga cikin waɗanda aka rufe. A watan Satumba na 2021 kuma, da aka katse sadarwa a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, mai naƙuda da mai gobara su ma sun rasa hanyar kira. Jiniya ratse motoci take yi, ba ta rufe titi.

Gwamnatin Jihar Filato ma tana da nata kason. Kiran da ya shiga cikin daƙiƙa guda ba shi da amfani idan motar kwana-kwana ba ruwa, ko motar asibiti ba mai, ko kuma wanda ya amsa ba ya jin harshen mai kira.

Saura kuma jama'ar Arewa mazauna Kudu. Wanda ya ji wani abu ya faru a gida, gajeren saƙon rubutu ya fi kiran bidiyo, domin bidiyo yana cin hanya ninkin-ba-ninkin abin da rubutu ke ci. Dangi su wakilta mutum ɗaya ya kira, ya sanar da saura. A kuma sani cewa wanda ya buga 112 daga Ikko, cibiyar da ke kusa da shi ce za ta amsa, ba ta Jos ba. Don haka abin da ya fi shi ne a koya wa iyaye da mata da yara da aka bari a gida su buga da kansu, ta layin waya na ainihi, su faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani. A kwaɓi masu buga lambar don wasa, domin suna tare wa mabukaci hanya. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin kasuwanni da na tashoshin mota su ne suka fi cancanta su isar da wannan saƙo.

Mutumin da ya bar Gangare ko Bukur ya tafi neman abinci a bakin teku ba zai iya ɗaukar bokitin ruwa ranar gobara ba. Abin da zai iya shi ne ya ratse wa mai neman agaji hanya, ya kuma matsa wa wakilansa a Majalisar Tarayya lamba har a mai da wannan fifiko doka.