Da gaske Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin gargajiyar China?

Wataƙila kun ci karo da tallar a Facebook ko WhatsApp: shayin rage tumbi, takalmin tausa, ko na'urar danna jijiya, duk ana cewa "WHO ta amince". Ga asalin maganar. A watan Mayun 2019 ƙasashe mambobin hukumar suka amince da sabon kundin sunayen cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Babi na 26 ya tattara sunayen larurori kamar yadda masu maganin gargajiya a China, Japan da Koriya ke kiransu, domin a riƙa ƙirga marasa lafiyar da ke zuwa wurinsu, a kuma yi bincike. Hukumar da kanta ta ce wannan ba shaida ba ce cewa wani magani yana aiki.

Tausar danna gurabe da yatsa ba ta da haɗari sosai. Gurbin da aka fi gwadawa shi ne P6: faɗin yatsu uku daga wuyan hannu ta ɓangaren tafi, tsakanin jijiyoyi biyu. Bincike ya nuna dannawa na rage tashin zuciya ga wasu, musamman bayan tiyata. Ku gwada, ba ta cin ko kwabo. Amma ba ta sauke hawan jini, ba ta maye gurbin maganin siga, kuma mai ciki da amai ya hana shan ruwa asibiti take bukata.

Damuwarmu ta fi yawa kan abin da ake haɗiya. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan ƙwayar rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro mai suna Aristolochia. Da yawa sun koma wankin ƙoda, wasu kuma daji ya kama mafitsararsu.

Za ku ce ai maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT ma daga ganyen China aka samo shi. Haka ne, Tu Youyou ta ci kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Sai dai an tace sinadarin, an auna, an gwada a kan marasa lafiya. Shayin ganyen bai da wannan ma'auni, shi ya sa WHO ba ta yarda a sha shi a madadin ƙwayar ba.

Idan kuna shan wani haɗi, ku zo da kwalbar ranar ganin likita, musamman masu ciwon ƙoda, hanta, ko masu shan maganin tsinka jini irin warfarin.