Eriyar Banifandu da sautin Nijar a iska

Duk wanda ya bi titunan unguwar Banifandu a birnin Yamai, idan ya ɗaga kai sama, zai ga wani aikin hannu da ba a koyar da shi a lakkol. Tsakanin farantan tauraron ɗan Adam da suka cika gari, akwai sauran dogayen sanduna na ƙarfe da na gora da aka ɗaure a kusurwar gida, a bisansu kuma guntayen tiyon sanholo a jere kamar ƙayar kifi. Wasu sun karkace, wasu iskar damina ta kwantar da su, wasu kuwa suna nan suna aiki. Da yawa daga cikinsu ba a kwali suka zo daga Turai ba. Masu gyaran rediyo da yaransu ne suka ƙera su, da kayan da suka tsinto a kasuwar Katako ko ta Wadata. Ita ce eriya, wadda mutanen Yamai suka fi sani da antan.

Hannun da ya iya ƙera eriyar kama magana ya riga ya yi rabin tafiya zuwa ga ƙera eriyar aika magana. Rabin da ya rage shi ne ilimin lissafi kaɗan da takardar izini, kuma dukansu biyu suna hannun hukuma. Abin da ya kamata shi ne a buɗe wa waɗannan samari hanyar shiga aikin da duniya ta sani da rediyon masu sha'awa, domin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000 ba ta da dalilin barin irin wannan sani ya lalace a bisa rufin kwano.

Mai sha'awar rediyo ba gidan rediyo ba ne. Ba ya sa waƙa, ba ya talla, ba ya karɓar ko dala. Mutum ne da ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lambar kira tasa shi kaɗai, sa'an nan ya kafa ƴar tasharsa a gida yana magana da takwarorinsa na nesa a zangunan da aka keɓe musu. Al'adar ta tsufa. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga garin Nis, ya yi zance da masu sha'awa na Amurka ta gajeren zango, a lokacin da manyan kamfanoni suke ganin wannan zango ba shi da amfani. A 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris. Kafin su ma, lokacin da Marconi ya kama saƙon da ya ƙetaro tekun Atalantika a watan Disamba na 1901, eriyarsa waya ce kawai da ya ɗaga sama da taimakon iska.

To, yaya ake yin ta? Wadda ta fi sauƙi ita ce mai hannu biyu, kuma wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, muddin ya iya rabawa, zai iya auna ta. Kowace tasha tana da lambar zangonta, wadda ake ƙidayawa da megahaz. Sai a raba 143 da wannan lamba, abin da ya fito shi ne tsawon waya da mita. Ga zangon masu sha'awa na megahaz 7, waya za ta kai mita 20 da ƴan kai. A yanka ta biyu daidai, kowane hannu mita 10, a sa guntun tiyon roba a tsakiya domin kada su taɓa juna. Sai a kawo kebul irin na telebijin, mai zuciya a ciki da riga a waje, a liƙa zuciyar da dalma ga hannu ɗaya, rigar ga ɗaya hannun. Bakin kowane hannu shi ma a ɗaure shi ga guntun roba, daga nan igiya ta ja shi zuwa sanda ko reshen dogon yaro. Ga megahaz 14 tsawon ya koma mita 10 gaba ɗaya, ya shiga tsakar gidan talaka. Ga mai son kama tashoshin FM, waɗanda suke kewayen megahaz 100, kowane hannu bai wuce santimita 71 ba. Masu aikin suna da ƙa'ida irin ta tela: a yanka da saura, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan ana gwadawa, gama wayar da aka datse ba ta komawa.

Tsawon sanda kuma yana da nasa sirri, nan ne ma amfanin abin ga Nijar ya fi fitowa. Muryar FM tana tafiya a miƙe kamar hasken fitila, iyakarta inda ƙasa ta lanƙwasa. Gajeren zango kuwa yana hawa sama, ya bugi wani rufi na iska da rana take cajawa, mai nisan kilomita 300 ko kusa da haka, ya komo ƙasa. Idan aka rataya wayar nan ta mita 20 ƙasa ƙasa, kamar mita 5 daga doron ƙasa, muryar takan tashi tsaye ta zubo a kewaye, kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki. Da haka mutum a Banifandu zai ji Doso, da Tilaberi, da Tawa da rana tsaka. Idan aka ƙara wa sanda tsawo muryar takan kwanta ta yi nisa, ta kai Agadas da Difa, har ta ƙetare hamada. Duk wannan ba ya bukatar fiye da batirin mota da faifan hasken rana guda.

Mai karatu zai iya cewa, ana zamanin salula, me za a yi da waya a kan gora? Amsar tana cikin abin da mutanen Yamai suka gani da idonsu. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, unguwanni suka yi ta kwana a duhu, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan watan na Maris ne igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu. A 2020 kogi ya fasa madatsai ya shiga unguwannin Haro Banda, a watan Agusta na 2024 kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin mota da suka haɗa babban birni da sauran ƙasa. Salula tana dogara ga hasumiya, hasumiya tana dogara ga wuta da man inji da hanyar da za a kai man. Idan ɗaya ya faɗi, sauran sukan bi shi. Tashar mai sha'awa ba ta dogara ga kowa a tsakani. A watan Disamba na 2004, da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na ƙasar Indiya, wasu masu sha'awa da suka je can domin nishaɗinsu su ne suka riƙa isar da saƙonnin jama'a da na hukuma. Haka aka gani a Nepal bayan girgizar ƙasa ta 2015. Waɗannan mutane sun iya aikin ne domin sun saba da shi tun ana zaman lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba kowace ƙasa haruffan da lambar kiranta za ta fara da su. Na Najeriya 5N, na Mali TZ, na Burkina Faso XT, na Nijar kuwa 5U. Wannan 5U ba a cika jin sa a iska ba, shi ya sa masu sha'awa na duniya suke farautarsa. A watan Maris na 2017 wata tawaga, wadda mutanen Sifen suka jagoranta, ta sauka a Yamai da kayanta, ta yi kwanaki tana aiki da lambar 5U5R, duniya tana layi domin ta ji Nijar. Baƙi sun kyauta, ba laifi. Amma abin kunya ne sunan ƙasa ya tashi a iska idan baƙo ya zo, ya kwanta idan ya naɗe wayarsa.

Akwai magana mai nauyi da jami'ai za su kawo, ba kuwa za a raina ta ba. Ƙasa tana fama da matsalar tsaro, na'urar aika magana kuma tana iya faɗawa hannun mugu. Gaskiya ne. Sai dai mai mugun nufi ba ya zuwa ofis neman takarda, ba ya kuma bayar da sunansa da unguwarsa. Mai lasisi kuwa an san gidansa, an san ƙarfin na'urarsa, kuma dole ya faɗi lambarsa a duk lokacin da ya buɗe baki. Sashe na 25 na dokokin rediyo na duniya ya hana shi ɓoye ma'anar zancensa, kowa yana iya saurarensa, har jandarma. Tun gyaran da aka yi wa wannan sashe a 2003, an ƙarfafa wa ƙasashe guiwa su shirya masu sha'awa domin ranar bala'i, an kuma bar wa kowace ƙasa zaɓin ko za ta ci gaba da tilasta jarrabawar bugun Morse. Rufe ƙofar lasisi ba ya rage na'urorin ɓoye ko da guda, sai dai ya rage kunnuwan amintattu da za su iya jin su.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tunani. Rediyon ƙasa ya fara magana a 1958, a 1962 kuma aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob, inda malaman lakkol suke tara manoma su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a kai Yamai a watsa. A 1999 ƙauyen Bankilare ya buɗe rediyon karkara mai aiki da hasken rana. Duk lokacin da aka amince wa talaka da makirfo, ƙasa ta ci riba.

Hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ce mai rabon zanguna. Ya kamata ta bayyana sharuɗɗan lasisin mai sha'awa da Hausa da Zabarmanci, ta sa ranar jarrabawa sananniya, kuɗin kuma ya zama wanda yaron mai gyaran rediyo zai iya biya. Makarantun sana'a, irin su Isa Beri ta Yamai da Ɗan Kasawa ta Maraɗi, za su iya riƙe tashar kulob guda guda a ƙarƙashin malami mai lasisi. Cibiyoyin yaƙi da jahilci kuwa sun samu darasin rabawa da ɗalibi zai taɓa da hannunsa.

Kafin wannan ya tabbata, samarin Banifandu su tsaya ga eriyar saurare, kada wanda ya aika magana ba izini. Su kuma kiyaye rayukansu, domin rufin kwano da sandar ƙarfe ba su san wasa ba. Kada a kafa sanda inda, idan ta faɗi, za ta taɓa wayar NIGELEC, kada kuma a ja eriya ta bisa wayar wuta ko ta ƙarƙashinta. A kafa turken ƙarfe a ƙasa mai laima a haɗa shi da sandar da waya mai kauri. Idan hadari ya taso daga gabas, a cire kebul daga jikin rediyo, a fitar da bakinsa waje, a bar shi can sai tsawa ta wuce.