Ƴan X-Men a hannun Claremont: labarin da ya yi daraja, sannan aka karya masa farashi

Duk wanda ya yi kwalej ko lise a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa cikin shekarun 1970 da 1980 bai manta da mujallun zane-zane da ake shimfiɗawa ƙasa a bakin kasuwa ba: Zembla, Blek, Strange da Spécial Strange, dukansu daga kamfanin Lug na birnin Liyon a Faransa. Ana saye, ana aro, ana musanya, mushe kuma yana ƙwacewa in ya kama su ɓoye cikin kaye. Yau waɗancan yara sun zama ma'aikata da ƴan kasuwa, ɗiyansu kuwa suna kallon jaruman nan a fim cikin salula. Ya kamata ke nan a waiwaya a auna: ɓata lokaci aka yi, ko akwai labari na ƙwarai a ciki?

Ma'auni mafi dacewa shi ne labarin ƙungiyar X-Men kamar yadda Chris Claremont ya rubuta shi daga 1975 zuwa 1991. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙago ƙungiyar a 1963 don kamfanin Marvel na Amurka: wasu mutane da aka haifa da baiwa ta dabam, jama'a na tsoronsu, su kuwa suna kare jama'ar. Haja ba ta karɓu ba, har aka daina sabbin labarai a 1970. A 1975 Len Wein da mai zane Dave Cockrum suka sake zubi da sabbin fuskoki, sannan aka danƙa ma Claremont alƙalami daga lamba ta 94. Ya riƙe shi shekara 16.

Abu na farko da ya gyara shi ne mutanen. Ga Colossus, manomi daga Rasha. Ga Diablo, Bajamushe mai kamar aljani da zuciyar mai ibada. Ga Serval ɗan Kanada, mai saurin fushi. Ga Tornade, ɗiyar wata mata ƴar Kenya, wadda ta tashi marainiya tana yankan aljihu a titunan Alƙahira. Claremont ya gane cewa dambe kaɗai ba ya riƙe mai karatu. Sai ya mai da ƙungiyar kamar gidan gandu, inda ake cin tuwo tare, a yi gardama, a yi kishi, a yi biko. Mai karatu yakan nemi lamba ta gaba don jin yadda zumunci ya kwana, faɗan kuwa ƙari ne.

Abu na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne cewa kowane aiki yana da farashi. Tun a lamba ta 95 aka kashe ɗaya daga cikin sabbin jaruman, don a sani ba wasa ake ba. Ƙololuwar wannan ita ce labarin Phénix na 1980, tare da mai zane John Byrne. Jean Grey, mace mai kirki, ta samu iko wanda ya fi ƙarfinta. Ikon ya bugar da ita har ta haɗiye wani tauraro, halittu miliyar 5 suka hallaka. Da fari marubutan sun so a raba ta da ikon kawai, a bar ta da ranta. Babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, ya ƙi yarda a yafe irin wannan ɓarna cikin sauƙi. A lamba ta 137 Jean Grey ta mutu bisa zaɓinta, gudun kada ta sake. Wanda ya taɓa ganin yadda kujera ke canza mutumin kirki ba ya bukatar a fassara masa wannan labari.

Haka aka yi da Magnéto, babban abokin gaba. Da can mugu ne kawai, irin na tatsuniya. Claremont ya ba shi tarihi: Bayahude ne da ya tsira daga sansanin ƴan Nazi, ya rantse ba za a sake yi ma nasa haka ba. A lamba ta 150, cikin 1981, ya kusa kashe wata yarinya ƴar ƙungiyar, sai ya ga ya zama irin waɗanda suka zalunce shi. Daga nan gardamarsa da Farfesa Xavier ta zama gardama ta gaske: wanda aka tsangwama, haƙuri zai yi ko ramuwa? A 1988 kuma labarin tsibirin Genosha, inda arzikin ƙasa ya dogara ga bautar da wani jinsi, ya fito lokacin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta a Afirka ta Kudu.

Tornade ma ta cancanci a tsaya kanta. A 1984 ta rasa baiwarta ta sarrafa iska da ruwan sama. A 1986, ba tare da wata baiwa ba, ta kayar da Cyclope ta riƙe shugabancin ƙungiyar da wayo da ƙarfin hali. Baƙar mace a gaban irin wannan runduna ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Amma gaskiya ɗaya ce: Afirkar da aka nuna ta baƙo ce. Ƙauyawa masu bauta ma yarinya don ta kawo ruwa, daji da yunwa, babu birni mai makaranta, babu malami, babu ɗan kasuwa.

Ba nan aibin ya tsaya ba. Claremont yana da yawan magana. Sau da yawa yakan rubuta abin da ido ya riga ya gani a zane. Yakan buɗe ƙofofi goma ya rufe uku, ya bar mai karatu yana jira shekaru. Masu karatun faransanci kuwa sun sha wata asara: saboda dokar Faransa ta 1949 kan littattafan yara, Lug yakan goge ko ya sassauta wasu hotuna.

Sai dai babbar ɓarna daga mai kaya ta zo. Jaruman mallakar kamfani ne, marubuci ɗan ƙodago ne. A 1986, don a buɗe sabuwar mujalla mai suna X-Factor, aka dawo da Jean Grey da rai, aka ce wadda ta mutu ba ita ba ce. Cyclope ya bar matarsa da jaririnsa ya koma wurinta. Hawayen 1980 ya tashi a banza. Daga nan mutuwa ta zama kamar tafiya ci-rani, labari kuma ya watsu cikin mujallu da yawa, sai mai kuɗi ke iya bin sawunsa. A 1991 lamba ta farko ta sabuwar X-Men, da zanen Jim Lee, ta sayu kusan kofi miliyan 8, abin da ba a taɓa gani ba. A wannan shekara Claremont ya ajiye aikin, bayan saɓani da editoci kan wa ke da ta cewa a labarin.

Hukunci ke nan: daga 1975 zuwa 1986 aiki ne mai daraja, wanda uba zai iya miƙa ma ɗansa ba da kunya ba, abin da ya biyo baya gauraye ne, tsaba da tsakuwa. Ɗan kasuwa ya san wannan tun a rumfa: ranar da ciniki ya fi kowace rana ba lalle ita ce ranar da haja ta fi kyau ba. Wanda ya tarar da tsohuwar Spécial Strange a ƙasan akwati, ya kaɗe ƙurarta, ya zauna da yaran gida su karanta tare, sannan ya tambaye su ko Jean Grey ta cancanci a yafe mata.